Majalisar gari, teku da taron jama'a: tambayoyin da mazauna ƙananan garuruwan gaɓa suka fi yi

Sunan hukumar da ke riƙe da ƙaramin gari ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wani wuri shugaban ƙaramar hukuma ne da kansilolinsa, wani wuri magajin gari ne da 'yan majalisarsa. Don sauƙi, a nan duk zan kira su majalisar gari. Dokoki ma sun bambanta, saboda haka abin da ke ƙasa shi ne abin da ya haɗa yawancin garuruwan bakin teku, tare da misalai daga wuraren da abin ya faru a zahiri.

Me ya raba majalisar garin bakin teku da ta kowane gari?

Aikin yau da kullum iri ɗaya ne: kwashe shara, gyaran kwata, fitilun titi, kasuwa, maƙabarta, izinin gini. Abin da ya raba su shi ne ɗaya daga cikin iyakokin garin ba ta tsaye wuri ɗaya. Garin tudu in ya shata iyakarsa ya gama. Garin gaɓa kuwa, inda aka ce "bakin ruwa" bana ba lallai nan ne bakin ruwa ba bayan shekara ashirin.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tsayin ruwan teku a duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma daga 2006 zuwa 2018 ƙaruwar ta kai wajen milimita 3.7 a shekara. Mai jin wannan zai ce ai bai kai taƙi ɗaya ba. Amma ka dubi bakin babbar kwatar gari, wadda ke zubar da ruwan sama cikin teku. In ruwan teku ya cika ya toshe bakinta daidai lokacin da ake tafka ruwan sama, ruwan ba shi da mafita sai ya dawo ta cikin unguwa. Wannan taƙin shi ke ƙara yawan ranakun da hakan ke faruwa. Ga kuma iskar gishiri da ke cinye ƙarfe, ta yadda sandar fitila da ƙarfen gada da famfon tuƙa-tuƙa ba sa yin kwanan da suke yi a tudu.

Tekun kansa yana ƙarƙashin ikon majalisar gari ne?

A'a. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓa a matsayin yankinta, da kuma har mil 200 na cin moriyar kifi da ma'adinai. Wannan iko na ƙasa ne, ba na kansila ba. Lasisin manyan jiragen kamun kifi, yawan kifin da aka yarda a kama, watannin da aka hana su, duk daga sama suke zuwa. Ikon majalisar gari yakan tsaya a bakin ruwa ko kusa da shi: hanyar sauka gaɓa, wurin sauke kifi, rumfuna, wani lokaci da ƙaramar tashar kwale-kwale.

A Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun wani kifi da ake kira kod a gaɓar Newfoundland saboda ya kusa ƙarewa. Mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a kusan dare ɗaya, ƙananan garuruwa da dama suka soma watsewa. Babu majalisar garin da ta yanke wannan hukunci, amma su aka bari da gidajen da aka rufe da makarantun da yara suka yi ƙaranci. Don haka masunci da ya je ya ɗaga wa kansila murya kan jirgin da ke kwashe kifi cikin dare, ya kai kuka inda ba maganinsa. Abin da kansila zai iya shi ne ya sa majalisa ta rubuta ƙorafi da sunan gari, kuma wannan ya fi takardar mutum ɗaya nauyi.

Ina zan samu sahihin labarin abin da majalisa ke yi?

Takardu uku: ajandar zama, bayanan zaman da ya wuce, da sanarwar neman izinin gini. Duk sauran labari daga cikinsu yake fitowa. Ajanda ita ce ta fi muhimmanci, domin ita kaɗai ke faɗa maka abu kafin a yanke shi.

Na taɓa zama a wani ɗakin majalisa da ke da kujerun jama'a kusan arba'in, mu huɗu ne a kansu. Abu na tara a ajandar layi ɗaya ne, wai "sauya matsayin wani fili a gabashin tasha". Magatakarda ya karanta, shugaba ya tambaya ko akwai mai magana, aka yi shiru, aka ɗaga hannu, aka wuce zuwa batun sayen tayoyin motar shara, wanda aka shafe rabin sa'a ana gardama a kansa. Wata takwas bayan nan sai ga waya an kewaye filin da masunta ke shanya koma tun kakanninsu. Ran nan ɗakin ya cika har baranda, ana ta hayaniya. Ihu bayan hari. Alhali ajandar nan ta yi kwana bakwai manne a allon sanarwa, kusurwarta ɗaya ta naɗe saboda laima, kowa na wucewa ta gabanta.

A da ɗan jaridar gari ne ke yi wa mutane wannan gadi. Yanzu ƙananan jaridu na mutuwa. A Amurka kaɗai an rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na jaridun ƙasar tun daga 2005, galibinsu na mako-mako ne na ƙananan garuruwa. Abin da ya maye gurbinsu, wato Facebook da WhatsApp, yana da sauri wajen sanar da cewa hanya ta yanke ko an tsinci yaro ya ɓata. Wajen batun fili da kwangila kuwa, in ka ga saƙo, nemi lambar takardar da ranar zaman da aka yanke. In babu, ajiye shi a matsayin ji-ta-ji-ta.

Mutum zai iya shiga zaman majalisa ya yi magana?

A ƙasashe da yawa zaman a buɗe yake ga kowa, sai in za a tattauna batun ma'aikaci ko shari'a. A Faransa doka ce zaman majalisar gari ya kasance a bainar jama'a. A ƙananan garuruwan jihohin Maine da Massachusetts na Amurka abin ya wuce haka: sau ɗaya a shekara duk mai rajistar zaɓe yakan zo taron gari, ya kaɗa ƙuri'a da kansa a kan kasafin kuɗi, sashe bayan sashe.

Shiga daban, magana daban. Galibi sai ka ba magatakarda sunanka tun kafin a fara, kuma mintuna kaɗan ake bayarwa. Kada ka ɓata su wajen tarihin zaluncin da aka yi wa unguwarku. Faɗi lambar abin da ke kan ajanda, faɗi abin da kake so a yi, ka miƙa shi a rubuce don ya shiga bayanan zama. Tambaya ɗaya mai neman amsa da adadi ta fi jawabi goma tayar wa shugaba hankali.

Me ya sa ake ta nanata batun izinin gini? Ai fili na mai shi ne.

Saboda a garin gaɓa takardar izinin gini tana iya zama takardar mutuwa. La Faute-sur-Mer ƙaramin gari ne a gaɓar yammacin Faransa. Shekara da shekaru ana ba da izini ana gina gidaje a wani kwari da ke bayan ganuwar tare ruwa, yawancinsu ba bene. A daren 27 wayewar 28 ga Fabrairun 2010 guguwar da aka sa wa suna Xynthia ta zo daidai da babbar cikar ruwa. Ruwa ya haure ganuwa ya cika kwarin, mutane suna barci. Mutum 29 suka mutu a wannan gari kaɗai, da yawansu tsofaffi, babu saman da za su hau. A 2014 kotu ta yanke wa magajin garin ɗaurin shekara huɗu, a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara biyu na je-ka-gyara-halinka.

Ba a ɓoye aka ba da waɗannan izini ba. Ɗaya bayan ɗaya suka bi ta ofis, kowanne da dalilinsa mai kyau: garin na son sababbin mazauna, mai fili na son riba, mai saye na son tsufa yana jin ƙarar teku. Shi ya sa duk wanda zai sayi fili ko ya kama haya kusa da ruwa ya nemi taswirar wuraren ambaliya tun kafin ya tambayi farashi.

Teku na cinye mana gaɓa. Me ya hana majalisa gina katanga kawai?

Kuɗi na farko, domin katangar teku ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin gari, sai gwamnatin sama ko bashi. Na biyu kuma, yashi tafiya yake yi. Raƙuman ruwa kan bugi gaɓa a karkace, suna tura yashi gefe guda a hankali, kamar kogi marar ruwa. In ka gina shingen duwatsu ya miƙe cikin teku don ya tare maka yashi, za ka samu, amma maƙwabcin da ke gaba da kai shi zai rasa, tekun ya koma cin nasa. Katanga a tsaye kuma takan mayar da ƙarfin ruwa ƙasa, ya rarake gindinta, rairayin da ke gabanta ya tafi. Wannan ne ya sa rigimar zaizaya takan zama rigimar gari da gari, ko unguwa da unguwa.

Zaɓin da ke gaban majalisa bai wuce huɗu ba: a gina kariya, a riƙa zubo yashi ana cikewa duk bayan 'yan shekaru, a farfaɗo da kariyar Allah wato tuddan yashi da dazukan bakin ruwa, ko a ja da baya a bar wa teku. Kowanne akwai wanda zai yi kuka.

Ga mai gaggawa, darasi yana Saint-Louis ta Sanagal. A Oktoban 2003 kogin Sanagal ya cika yana barazanar shanye birnin, sai hukumomi suka haƙa wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn tudun yashin da ya raba kogi da teku, don ruwa ya fice. Ya fice ɗin. Amma tekun ya samu ƙofa, hanyar ta yi ta faɗaɗa har ta kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi, ruwan gishiri ya shiga gonaki, masunta da dama suka halaka wajen ƙetare bakin. Garin neman gira aka rasa ido.

Ga mai cewa duk babban aiki almubazzaranci ne, darasi yana Fudai, wani ƙauyen masunta a arewa maso gabashin Jafan, mai mutum wajen 3,000 a 2011. Magajin garin, Kotoku Wamura, ya ga ɓarnar tsunamin 1933 da idonsa, wato manyan igiyoyin teku da girgizar ƙasa ke tayarwa. Ya kafe sai an gina madatsa mai tsayin mita 15.5, mutane suna ta cewa ya cika ta da yawa, ɓarnar kuɗi ce. An gama ta a 1984, shi kuma ya rasu a 1997. Ranar 11 ga Maris 2011 tsunami ta share garuruwan da ke kewaye, ta rugurguza tashar Fudai da ke wajen madatsar, amma gidajen da ke bayanta suka tsira.

Ja da baya shi ne mafi ɗaci. A Fairbourne da ke Wales a Birtaniya, majalisar gundumar Gwynedd da ƙauyen ke ƙarƙashinta ta bayyana cewa ba za a iya ci gaba da kare ƙauyen ba bayan wajajen 2054. Teku bai shigo ba tukuna, amma darajar gidaje ta faɗi, bankuna suka ja baya da ba da bashin sayen gida a can. A ganina majalisar ba ta yi laifi da faɗin gaskiya ba. Inda aka cuci mutane shi ne sanar da su ƙarshen garinsu ba tare da an ce musu ga inda za su nufa ba.

Ɗiban yashi a bakin teku laifi ne?

A wurare da yawa haramun ne ko sai da lasisi. Kowace tifa da ta fita, kariyar gidan wani ce ta tafi. Kuma yashin teku da ba a wanke ba yana sa rodin cikin siminti tsatsa, har mai sayen ma bai ci riba ba.

Daga ina kuɗin majalisa ke zuwa, kuma ta yaya zan karanta kasafin?

Daga kason gwamnatin sama, harajin gidaje da filaye, kuɗin rumfa da na lasisi, kuɗin ajiye mota da na ɗaure jirgi a tasha, wani wuri da harajin kwanan baƙi. Matsalar garin da baƙi ke zuwa shan iska ita ce ana lissafa kasonsa da yawan mazaunan dindindin, alhali ruwan famfo da shara da banɗakunan jama'a sai sun ɗauki ninkin ba ninkin na mutane a watannin hutu.

Wajen karatu, bar shafin farko mai manyan alƙaluma. Nemi layin gyara da kula da kayan da ake da su, ka kwatanta shi da na bara da na bara waccan. Sabon gini yana da allo mai ɗauke da sunan shugaba, kwashe yashin da ya toshe bakin tasha ko sauya murfin kwata ba shi da bikin buɗewa, don haka shi ake fara yankewa.

Baƙi sun saye gidajen gari, 'ya'yanmu ba su da inda za su zauna. Akwai abin yi?

Akwai waɗanda suka gwada. A Mayun 2016 mutanen St Ives da ke Cornwall a Ingila suka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 80 cikin 100 suka amince cewa duk sabon gidan da za a gina sai wanda zai zauna ciki dindindin. Dokar ba ta shafi tsofaffin gidaje ba, kuma har yau ana gardama ko ta rage farashi ko ta tura masu kuɗi kan tsofaffin. Abin lura shi ne ta hanyar tsarin gine-ginen gari aka bi, wannan takarda da ba mai son karantawa.

Me ya sa ranar bikin gari ko gasar tseren kwale-kwale ke canzawa kowace shekara?

Teku ke tsayar da rana, ba kwamiti ba. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin sa'a 12 da minti 25. Ke nan kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya, sai cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Girman bambancin ya danganta da wuri: a Bahar Rum ɗan kaɗan ne, a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16.

Na ga wani kwamiti da ya kafa rumfuna a kan rairayi da hantsi, fili shimfiɗe har ido ya gaji. Sun duba ranar bara, ba su duba jadawalin ruwa ba. Kafin la'asar mai jawabi yana tsakiyar godiya ga manyan baƙi, ruwa ya soma lasar ƙafafun kujerun layin gaba. Wani dattijon masunci da ke zaune kan kifaffen kwale-kwale ya ce wa shugaban kwamitin, "Yaro, da ka tambaye ni da safe ai da na gaya maka." Shi kuwa ya ce, "Baba, wallahi ban san ana tambaya ba."

Ina son shirya taro a bakin ruwa. Me ake bukata?

Ka fara da magatakardar majalisa tun da sauran watanni, domin in za a rufe titi ko a kafa dandamali sai batun ya shiga zama, zaman kuma galibi wata-wata ne. Za a tambaye ka yawan mutanen da kake sa rai, wanda zai kwashe shara, banɗaki, masu agajin gaggawa, wani wuri da inshora. In taron zai shiga cikin ruwa, sai shugaban tasha ko masu tsaron gaɓa sun sani. Ka tanadi rana ta biyu, ka kuma rubuta sunan mutum ɗaya tak da ke da ikon cewa an fasa in iska ta tashi. In aka bar wannan ga kwamiti, kowa zai tsaya kallon ɗan'uwansa har ruwa ya yanke musu hukunci.

Kada ka manta da masunta. Wurin da kake gani fili ne na taro, su wurin aikinsu ne.

Akwai ranakun da garuruwan gaɓa ke yi tare a duniya?

8 ga Yuni ranar tekuna ce ta duniya, 21 ga Nuwamba ta masunta. A watan Satumba kuma akan yi gayyar tsabtace gaɓa ta ƙasa da ƙasa, wadda ta faro a jihar Texas a 1986. Gayyar nan in ta tsaya ga ɗaukar hoto da buhunan shara, bayan mako biyu gaɓar ta koma yadda take. Amfaninta yana ga ƙirga abin da aka tsinta, robar ruwa nawa, guntun koma nawa, daga bakin wace kwata. Da wannan lissafi ake zuwa gaban majalisa.

Mene ne ma'anar tutocin da ake kafawa a bakin ruwa?

Inda ake bin tsarin da ya fi yaɗuwa, tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya nan ne masu ceto ke sa ido, nan ake wanka. Jar tuta zalla, kada a shiga. Shuɗiyar tuta kuwa lambar yabo ce ta tsabtar ruwa da kula da wuri, ta faro a Faransa a 1985, kuma shekara-shekara ake sabunta ta, ba ta nufin ruwan yau lafiya yake. In wata igiyar ruwa ta ja ka zuwa cikin teku, kada ka yi kokawa da ita kana neman komawa kai tsaye. Ka yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga cikinta, ko ka kwanta bisa ruwa ka ɗaga hannu.

Wa ke da alhakin sanar da mu in bala'i na zuwa?

Hasashe daga hukumar yanayi ta ƙasa yake zuwa, amma isar da shi ƙofa-ƙofa, buɗe mafaka da kwashe marasa ƙarfi aikin gari ne. A ambaliyar daren 31 ga Janairun 1953 da ta kashe mutum 1,836 a Holan, an yi gargaɗi, sai dai daren Asabar ne, gidajen rediyo sun rufe, ofisoshi babu kowa. A tsunamin 26 ga Disamban 2004 da ta halaka sama da mutum 220,000 a kewayen tekun Indiya, a wurare da dama ruwa ya fara janyewa can nesa, mutane suka sauka suna kallo suna tsintar kifi. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko teku ya janye ba lokacinsa ba, a nufi tudu, kada a jira jiniya.

Ni ɗan haya ne, ban daɗe da zuwa garin ba. Ina da bakin magana?

Kana da shi, ɗan'uwa. Ƙuri'a tana iya bukatar rajista ko takardar zama ɗan ƙasa, amma zama a kujerar jama'a, karanta ajanda da rubuta ƙorafi kan izinin gini galibi ba sa bukatar ka mallaki ko taku ɗaya na ƙasa. Je ofishin majalisa ka tambayi abu uku: ranar zama na gaba, inda ake manna ajanda da kwana nawa kafin zama, sai kuma taswirar ambaliya ta unguwar da ka kama ɗaki. A hanyar komawa ka biya ta tasha ka nemi jadawalin cikar ruwa na wannan wata.